Jawabin Maraba ga Koci Hal Mumme

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa Hausawa mazauna Amurka, da yaranmu masu buga ƙwallon Amurka a makarantu, barkanmu da yamma.

Babban baƙonmu, Koci Hal Mumme, lale marhabin, sannu da hanya.

Jama'a, bari in ɗan faɗa muku wanda ke zaune a gabanku. A 1989 ya karɓi ƙungiyar Iowa Wesleyan, 'yar ƙaramar kwaleji wadda ba ta da ƙattin 'yan wasa. A lokacin, yawancin masu horarwa sun fi yarda a rungume ƙwallo a kutsa da ƙarfin tsiya. Shi kuwa sai ya zauna ya nazarci salon wasan Koci LaVell Edwards na Jami'ar Brigham Young, sannan shi da mataimakinsa, marigayi Mike Leach, suka ƙera salon da ake kira Air Raid.

Ga yadda abin yake. A baza masu cafe ƙwallo huɗu a faɗin fili, 'yan layin gaba masu kare mai jefa ƙwallo su bar tazara a tsakaninsu, mai jefawa ya saki ƙwallo nan take, yadi biyar ko shida, kafin ƙato ya iso kansa. Akwai dabarar da mutum biyu ke gitta juna dab da dab a tsakiyar fili, har masu tsaronsu su yi karo da juna. Dabarun ba su da yawa, kuma a ganina nan ne hikimar take: a yi ta maimaita su a atisaye har yaro ya daina tunani, jikinsa kawai ke yi.

Ranka ya daɗe, daga nan ka koma Jami'ar Valdosta State a 1992, sai Jami'ar Kentucky a 1997. A shekarar farko ka doke Alabama da ci 40 da 34, abin da Kentucky ba ta yi ba tun 1922. Mai jefa ƙwallonka, Tim Couch, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru, a 1999. Bayan Kentucky hanya ba ta miƙe kullum ba, amma ba ka ajiye usur ba: Southeastern Louisiana, New Mexico State, McMurry, duk ka horar.

Yaran nan namu da yawa ba su da girman jiki, sai gudu da kaifin ido. Tun da rana suke jiran su tambaye ka yadda mai jefawa ke gane wanda zai bai wa ƙwallo cikin daƙiƙa biyu. Bismillah, Koci, fili naka ne.