Amsoshin Tambayoyinku: Me ake ci a ƙaramin shagon ramen na Japan?

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu ne suka zo kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗa su. Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Damagaram, ta ce kullum tana ganin bidiyon mutanen Japan a waya suna layi a bakin ɗan ƙaramin shago saboda taliya da romo, wai shin ramen ɗin nan ba indomi ba ce kawai aka canja mata suna? Ta biyu kuma wani ɗalibi ne daga Kaduna da ya samu gurbin karatu a Osaka, ya ce dan Allah Musulmi zai iya shiga irin shagon nan ya ci?

To Hajiya, akwai dangantaka amma ba ɗaya ba ne. Ramen ita ce uwa. Asalinta taliyar Sinawa ce da ta shiga Japan ta garuruwan bakin teku irin su Yokohama, a 1910 aka buɗe wani shago mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo wanda har yau ake ambatonsa in ana maganar farkonta. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga yunwa, shinkafa ba ta yi kyau ba a 1945, ga fulawar alkama na shigowa daga Amurka, sai masu tura kura suka riƙa dafa ta a bakin titi wa ma'aikata. Ita kuwa ta leda, wani mutum ne Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a 1958 a wata 'yar rumfa a bayan gidansa a Ikeda kusa da Osaka, ya gano in aka soya taliya a mai za ta bushe ta daɗe ba ta lalace ba. Indomie da muke ci wajen mai shayi daga Indonesiya ta samo asali, amma kan wannan dabarar tasa aka gina ta.

Abin da zai ba ki sha'awa Hajiya, taliyar ramen da wani ruwa ake kwaɓa ta mai suna kansui, kuma sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan kanwar da kike sakawa a wake ne ko ɗanwake, shi ke sa ta yi ɗorawa-ɗorawa ta yi danƙo a baki ba ta saurin narkewa a romo mai zafi.

Shagon kansa kuwa, wallahi wani bai kai shagon tela girma ba. Wanda na shiga a wani lungu a Tokyo, na masu dafa halal ne, na ɗaga ɗan labulen da ke rataye a ƙofa sai na ji an ɗaga murya an ce irasshaimase, wato maraba, daga nan babu mai tambayarka me za ka ci, akwai inji a bakin ƙofa ka saka kuɗi ka danna abin da kake so ya fito maka da ɗan tikiti ka miƙa wa mai dafawa, ka zauna a bakin dogon teburi kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba, kujerun duka ba su wuce goma ba. A gabanka ake komai. Na ga dattijon ya fara ɗumama kwanon da ruwan zafi, ya zuba ɗan ludayi na haɗin gishiri da suke kira tare, sannan mai, sannan romo, ya ɗago taliyar daga tukunya a cikin ɗan kwando ya yarfe ruwan da ƙarfi sau uku, ya shimfiɗa ta da tsinke a hankali kamar mai gyara wa jariri kwanciya, ya ɗora ƙwai da aka raba biyu kwaiduwar na ɗan malala, da albasa mai lawashi da tofon gora. Tukunyar romon nan tun asuba take kan wuta. Mutum ne ya ba da rayuwarsa ga kwano ɗaya, kuma ni wannan ne ya taɓa min zuciya, ya tuna min da matan da ke tuwon sayarwa a unguwanninmu shekara talatin miyarsu ba ta canja ɗanɗano ba, kowa ya san hannunsu.

Ba wurin hira ba ne, ka ci da zafinta ka tashi saboda akwai masu jira a waje. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin tarbiyya ba ne a can, kuma ba a ba da tukuici, in ka gama ka ce gochisousama, shi ne godiyar. Kuɗinta ma an daɗe ana ganin bai kamata kwano ya haura yen 1,000 na kuɗin Japan ba, abin da ke wahalar da ƙananan masu shago kenan yanzu da kaya suka yi tsada. Amma kar ƙanƙantar shagon ta ruɗe ki, a 2015 wani mai kujera tara mai suna Tsuta a Tokyo ya zama shagon ramen na farko da ya samu tauraron Michelin, wata babbar lambar yabo da ake ba gidajen abincin da suka yi fice a duniya.

Yanzu kai ɗalibinmu na Kaduna, ka buɗe kunne da kyau dan Allah. Mafi yawan shagunan nan da alade suke aiki, kuma matsalar ba yankan naman da ke sama ba ce kawai, wanda suke kira chashu, da za ka ce a cire maka shi shikenan. Tana cikin romon. Wanda ake kira tonkotsu na yankin Fukuoka, farin nan mai kauri, ƙashin alade ne zalla aka tafasa awanni masu yawa har ya narke. Na Sapporo da ake yi da miso, wani abu mai kama da daddawar waken suya, sau da yawa da kitsen alade ake rufe samansa don ya riƙe zafi. Ko an ce maka romon kaza ne ko na busasshen kifi, ana yawan haɗawa da ƙashin alade, sannan haɗin gishirin nan da ruwan da ake jiƙa ƙwai akan saka musu mirin ko sake, waɗanda giyar shinkafa ce. Kaga kenan ido ba zai nuna maka ba.

Sunan alade a harshensu buta, ka riƙe kalmar, ka kuma sa wani ya rubuta maka tambayar da Japananci a wayarka ka nuna kafin ka saka kuɗi a injin. In mai shago ya ce akwai, ka yi godiya ka fita, ba za su ji haushi ba, suna faɗin gaskiya a kan abin da ke tukunyarsu. Mafi kwanciyar hankali dai ka nemi shagon da ke da shaidar halal, akwai su a Tokyo da Kyoto da Osaka ɗin da za ka, galibi romon kaza suke yi mai kauri da suke kira tori paitan, irinsa na ci. In ka sauka ka fara zuwa masallaci ranar Juma'a, ɗaliban Indonesiya da Maleshiya sun riga ka sanin duk lungunan nan, su za su kai ka da ƙafa. Allah ya ba da sa'ar karatu, in ka ci ka rubuto mana ka faɗa wa Hajiya ta Damagaram yadda ka ji.