Taron Neman Gudummawa a Jami'a: Aikin da Ke Gabansa da Wanda Ke Bayansa

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai a Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da abokan aikina, shugabannin ƙungiyoyi, ƙannena maza da mata, barkanmu da yamma.

An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibi zai shirya taron neman gudummawa ya kuma gudanar da shi. Zan fara da abin da na fi so ku riƙe, wato cewa kuɗin da ake sanarwa ta lasifika a ranar taro, ko dai an riga an same shi makonni kafin ranar, ko kuwa ba zai shiga hannu ba sai an bi shi makonni bayanta. Ranar ita kanta awa biyu ce ko uku, kuma ita ce mafi sauƙi a cikin aikin, amma a kanta shugabanni suke ƙarar da ƙarfinsu da kuɗinsu, har a watse a tarar ba a samu abin da ya kai abin da aka kashe ba.

Neman taimakon jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso mun ga gayya a gona, mun ga adashi a hannun iyayenmu mata, mun ga yadda ake kai gudummawa gidan biki a rubuta sunan wanda ya kawo da abin da ya kawo. A wannan Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 kuwa akwai ƙungiyoyin jihohi da na ƙananan hukumomi, da na sassan karatu, da na addini irin su Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya wadda aka kafa a Legas a 1954, kuma kowacce tana da ranar da take miƙa hannu ga jama'a. Bambancinku da mai kiran gayya shi ne, shi yana nan a garin har tsufansa, ku kuwa shekara huɗu ce ko biyar ku tafi, ku bar wa na bayanku sunan ƙungiya yadda kuka mayar da shi.

Kafin a buga katin gayyata ko guda, sai kwamiti ya iya faɗin abin da yake nema a jimla ɗaya, tare da adadin kuɗinsa. Wasiƙar da ta ce ana neman taimako "domin ci gaban ƙungiya" ba ta gaya wa mai karatu komai ba, kuma mutum mai hankali ba ya sakin dukiyarsa a kan abin da ba a fayyace masa ba. Idan kuɗin rajista za ku biya wa ɗalibai goma da suka kasa, ku faɗi haka, ku faɗi nawa ne na kowane. Idan tankin ruwa ne za ku saya wa ɗakin kwanan ɗalibai, ku shiga kasuwar Sabon Gari ku tambayi farashi a shaguna uku, a rubuta muku a takarda da kwanan wata. Kwanan watan yana da muhimmanci, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin kaya ba ya zama wuri ɗaya, kuma lissafin da aka yi a farkon zangon karatu yana iya gazawa kafin ƙarshensa. Idan mara lafiya ne a asibitin Shika, ku samo takardar kuɗin daga asibitin da kanku, da yardar iyalinsa.

Sai lissafi na biyu, wanda ake yawan tsallakewa: nawa taron zai ci? Hayar kujeru da rumfa, lasifika, man janareta, buga kati, ruwan sha, kuɗin motar masu kai wasiƙu, duk a jera su. A ce kuna neman naira miliyan 2, sai lissafi ya nuna taron zai lashe 700,000. Wannan taro bai cancanci a yi shi a haka ba. A ganina duk abin da ya haura kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nema ya yi yawa, kuma hanyar rage shi ita ce a roƙi kaya maimakon kuɗi. Ɗakin lacca ana iya samunsa ta hannun shugaban sashe, mai gidan burodi ko mai kamfanin ruwan leda ya fi saurin ba da kayansa a kan ya ciro kuɗi daga aljihu, mai ɗab'i kuma yana iya buga muku kati idan za a ambaci sunansa.

A nan ina so in ɗan tsaya a kan wata al'ada da ta yi mana katutu, wato sassaƙa lambar yabo a miƙa wa duk wanda ake kwaɗayin kuɗinsa. Ana kashe dubbai wajen yin allunan, ana rubuta wa mutum kirarin da shi kansa ya san bai yi aikinsa ba, sannan sau da yawa ya turo wakili ya karɓa, wakilin ya ce mai gida zai neme ku. Ko da kuɗin ya fito, kun koya wa ƙannenku cewa yabo abin sayarwa ne, kuma wannan mummunan darasi ne a ɗauka daga jami'a. Ku karrama wanda ya riga ya yi, bayan ya yi.

Maganar izini gajeriya ce: ku rubuta wa sashen kula da harkokin ɗalibai da wuri, ku sanar da jami'an tsaro, ku riƙe kwafin amincewar a hannu. Wajen zaɓen rana ku kauce wa makonnin jarrabawa, da lokacin sallar Juma'a, da safiyar Lahadi idan ƙungiyarku ta haɗa Musulmi da Kirista. Kada ku sa taron fili a watan Agusta a Zariya ba tare da ɗakin da za a fake ba. Ma'aikaci ya fi sakin hannu a makon da albashi ya shiga, ɗan kasuwar hatsi kuma da kaka.

Yanzu ga ainihin aikin. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wata guda ko fiye kafin taro ku zauna ku rubuta sunayen waɗanda za ku nema, ku fara da mafi kusa: ku kanku, sannan malamanku, sannan tsofaffin ɗaliban sashenku, sannan 'yan kasuwa da masu riƙe da muƙamai. Na ce ku fara da kanku domin tambayar farko da dattijo mai lura zai yi ita ce, ku me kuka tara? Wanda ya amsa cewa mambobi 200 sun ba da naira 500 kowanne, ga 100,000 a asusu, ya riga ya ci rabin maganar. Tsofaffin ɗalibai kuwa su ne taskar da aka fi sakaci da ita, alhali suna warwatse a Kaduna da Kano da Abuja da Legas, da yawansu suna da zaurukan WhatsApp na ajinsu, kuma mutum guda a cikinsu da ya yarda da ku zai isar da saƙonku inda wasiƙa ɗari ba za ta kai ba.

Idan za ku je wurin mutum, ku je ku biyu ko uku, da rana, a ofis ko a shago, da wasiƙa mai hatimi da sa hannun malamin da ke kula da ƙungiya. Ku gaisa yadda ya kamata, ku jira ya sallami mai ciniki, sannan ɗayanku ya yi bayani cikin minti uku ya ajiye takardar farashi a gabansa. Ku faɗi adadin da kuke fata daga gare shi, cikin ladabi, domin wanda aka ce masa "duk abin da ya sawwaƙa" yakan ba da mafi ƙanƙanta. Ina kuma roƙon shugabanni da babbar murya: kada a tura ɗaliba ita kaɗai wurin kowa da sunan an fi jin nauyin mata, kuma duk wanda ya ce a same shi a masauki da dare, a bar masa kuɗinsa. Haka nan ɗan siyasa, musamman idan zaɓe ya gabato, ku tambaye shi tun farko ko akwai abin da yake so a madadin gudummawarsa, domin ƙungiyar ta mambobi ce masu ra'ayi daban-daban, ba ku da ikon jinginar da ita.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wurin ajiya. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun ɗalibi, ko da shi ne limamin masallacinku. Ba zargin kowa nake yi ba. Abin da ke faruwa shi ne, kuɗinsa da na ƙungiya sun cakuɗe, yunwa ta zo, ya ranci 5,000 da niyyar mayarwa ranar da aka turo masa daga gida, daga nan lissafi ya kuɓuce masa. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mai masu sa hannu uku, wanda ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu, kuma ya kasance ɗayansu malami ne. Ku tuna yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba: ɗalibai sun watse, kuma duk kuɗin da ke aljihun mutum guda ya bi shi garinsu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, wannan kuwa ya sauƙaƙa muku, domin banki yana rubuta komai. Sai dai kada ku yarda da hoton rasit da aka turo a waya har sai ma'aji ya ga kuɗin a asusu. Wanda kuma ya ce abin da ya bayar zakka ce, a ware shi daban, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade waɗanda ake ba wa, kuma ku tambayi malamai kafin ku taɓa shi.

A ranar taro ku fara a kan lokaci, ku taƙaita jawabai, ku gabatar da buƙata tun mutane ba su fara zamewa ba. A gefen dandamali a ajiye teburi da mutum uku: ɗaya yana karɓa, ɗaya yana rubutawa, ɗaya yana yanka rasit. Littafin ya kasance da gida biyu a fili, na abin da aka bayar a hannu da na alkawari, kuma gaban kowane alkawari a rubuta lambar waya da ranar da mai shi ya ce a zo. Mai sanarwa ya bambanta su da bakinsa, domin idan ya haɗa ya ce an tara miliyan 5 alhali 800,000 ce a teburi, gobe mambobi za su tambaye ku lissafin miliyan 5, kuma babu rantsuwar da za ta wanke ku. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Kafin kowa ya bar ɗakin a ƙirga kuɗin a gaban malami, a jera 'yan dubu-dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, a rubuta jimla, mutum uku su sa hannu, washegari da safe a kai banki.

Alkawari yana da zafi ne a makon farko da na biyu, bayan haka yakan huce. Ku aika godiya cikin kwana biyu ga kowa, har wanda ya ba da 200, sannan ku bi masu alkawari da kira da ziyara, ba tare da gori ko tsegumi a Facebook ba. Idan an yi aikin, ku fitar da rahoto na shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da taro ya ci, abin da aka saya, abin da ya rage, da alkawuran da ba a cika ba a jimlace, ba tare da suna ba. A manna shi a allon sanarwa, a tura wa duk wanda ya bayar. Hoton tanki da rasit ɗinsa ya isa shaida. Ɗalibin da aka biya wa rajista kuwa, ko mara lafiyar da ke kwance, ba a ɗora fuskarsa a intanet don a burge masu bayarwa. Abokin karatunku ne, gobe zai zauna kusa da ku a aji.

Idan abin da aka samu bai kai ba, ku koma ga waɗanda suka bayar ku gaya musu, ku nemi yardarsu kafin a karkatar da kuɗin zuwa wani abu. Idan ya yi rara, ya zauna a asusu, a rubuta shi a takardar miƙa mulki tare da littafin sunaye, da kwafin wasiƙu, da rahoton, a kuma je banki a sauya masu sa hannu kafin tsofaffin shugabanni su tafi hidimar ƙasa.

Shugaban zama ya nuna mini lokaci ya cika, saboda haka maganar sayar da tikiti da gasar ƙwallo sai mu taɓa ta a wajen tambayoyi. Na gode, wassalamu alaikum.