Mutum yana raye an yi fim ɗin rayuwarsa: haƙƙin wa aka taɓa?

Assalamu alaikum jama'a, na Garwa da Marwa da Ngaundere, da 'yan uwa na tsallaken gadar Kusiri, mutanen N'Djamena. Yau maganarmu a kan finafinan da ake shiryawa a kan rayuwar mutum alhali yana nan da ransa, yana ci yana sha, yana jin abin da ake faɗa a kansa a kasuwa.

Mu fara da wanda da yawanku kuka gani, Dangal na shekarar 2016. Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, wani ɗan ƙauye a jihar Haryana ta Indiya da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa. 'Yarsa Geeta ta ci lambar zinare a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. Duk wannan gaskiya ne. To ku tuna wajen ƙarshen fim, inda mai horar da 'yan wasan ƙasa, saboda baƙin ciki, ya sa aka kulle uban a wani ɗaki don kada ya ga karawar ƙarshe. Wannan bai faru ba. An canza sunan mai horarwar a fim, amma duk wanda ya san harkar kokawa a Indiya ya san su wa suka riƙe tawagar mata a lokacin, kuma ɗaya daga cikinsu, P. R. Sondhi, ya fito a jaridu ya nuna ɓacin ransa. Miliyoyin mutane sun tsani wani bawan Allah a kan mugun aikin da marubucin fim ya zauna ya ƙaga.

Me ya sa masu fim ke yin haka? Rayuwar shekara arba'in ce ake son dunƙulewa cikin awa biyu ko uku. Dole a haɗa mutum uku su zama ɗaya, a matso da abin da ya faru bayan shekara biyar ya koma washegari, a rubuta hirar miji da mata a uwar ɗaka wadda babu wanda ya ji ta. Ni ban ga laifi a wannan ba, don in ba haka fim ba zai kallu ba. Inda matsalar take shi ne fim yana son mugu. Mai kallo yana son wanda zai ji haushi, rayuwa kuwa sau da yawa ba ta ba da mugu guda ɗaya tsararre. Sai marubuci ya duba cikin mutanen da ke kewaye da gwarzon labari, ya zaɓi wanda ba shi da bakin magana, ya ɗora masa.

Kuma abin da ido ya gani da kiɗa a ƙarƙashinsa ya fi zama a zuciya a kan abin da aka karanta. Jarida za ta buga gyara bayan wata guda, mutum dubu su gani. Fim kuwa yana yawo daga waya zuwa waya shekara da shekaru, fuskar ɗan wasa ta maye gurbin fuskar mai labarin.

Dubi Hotel Rwanda na 2004. Don Cheadle ya fito a matsayin Paul Rusesabagina, manajan otal ɗin Mille Collines a Kigali, inda mutane fiye da 1,200 suka fake lokacin kisan kiyashin 1994. Fim ɗin ya mai da shi gwarzon duniya, har shugaban Amurka George Bush ya ba shi lambar girmamawa a 2005. Wasu daga cikin waɗanda suka fake a otal ɗin suka fito suka ce ba haka suka san labarin ba, shi kuma ya musanta zarginsu. Sunan da ya samu ya ba shi dandalin sukar gwamnatin shugaban Ruwanda Paul Kagame. A Agustan 2020 ya hau jirgi a Dubai yana zaton Burundi za shi, sai ga shi a Kigali. A 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 25 bisa laifin ta'addanci, Amurka da Beljiyam suka nuna shakku a kan adalcin shari'ar, aka sake shi a Maris 2023. Ba ni ne zan yanke hukunci tsakaninsa da Kigali ba. Abin lura shi ne fim ya tsayar da mutumin a 1994, shi kuwa ya ci gaba da rayuwa, kuma duk abin da ya biyo baya duniya da idon fim ɗin ta kalle shi.

Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wata mata 'yar Indiya, Phoolan Devi. An aurar da ita tana 'yar shekara 11, ta sha wulaƙanci da cin zarafi iri-iri, ta shiga daji ta zama shugabar 'yan fashi. A 1981 aka kashe maza kimanin 20 a ƙauyen Behmai, aka zarge ta. Ta miƙa wuya a 1983, ta yi shekara 11 a kurkuku ba tare da an yanke mata hukunci ba. Shekarar da ta fito, 1994, ita ce shekarar da Shekhar Kapur ya fitar da Bandit Queen. A ciki an nuna yadda gungun maza suka yi mata fyaɗe, an nuna an fito da ita tsirara a bainar jama'a. Matar tana raye, tana zaune a Delhi. Ta garzaya kotu tana neman a dakatar da fim ɗin, daga baya aka sasanta aka biya ta kuɗi. Marubuciya Arundhati Roy ta yi rubutu mai zafi a lokacin, tana tambayar wa ya ba wani ikon sake shirya fyaɗen da aka yi wa mace mai rai ba da yardarta ba.

Masu fim ɗin sun ce don tausayinta suka yi, don duniya ta ga zaluncin da ake wa mata da ƙasƙantattun dangi a Indiya. Na yarda niyyarsu ke nan. To amma ku tsaya ku yi tunani a kan mace a nan unguwarmu, wadda irin wannan masifa ta faɗa wa, sannan a ce ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarta ana haska ta a bango, maza sun biya kuɗi sun zauna suna kallo. Kyakkyawar niyya ba ta mayar mata da suturarta. Ga kuma wani haɗarin: batun Behmai yana gaban shari'a a lokacin, fim kuwa ya riga ya nuna wa jama'a ita a wurin. An zaɓe ta 'yar majalisa a 1996, aka harbe ta a ƙofar gidanta a Delhi a 2001.

A Amurka ma an ga irinsa ta fuskar mutunci da kuɗi. The Blind Side na 2009 ya tara fiye da dala miliyan 300, Sandra Bullock ta ci kyautar Oscar da shi. Mai labarin, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka Michael Oher, ya daɗe yana cewa an nuna shi kamar dolo wanda bai san wasan ba sai da turawan da suka ɗauke shi suka koya masa. A 2023 ya kai maganar kotu a Tennessee a kan takardar da ya sa wa hannu a 2004, wadda ta ba turawan iko a kan al'amuransa, da kuma rabon kuɗin fim, iyalin suka musanta cewa sun cuce shi.

Wani zai ce ai maganin a fili yake: kada a yi fim sai da izinin mai labari. Da sauƙin faɗa. In mai labari ne ya riƙe alƙalami, fim ya zama aikin maroƙi a gidan biki, wanda ya yi liƙi shi ke shan kirari, kakansa ma sai ya zama sadauki. Sanju na 2018 labarin jarumin finafinan Indiya Sanjay Dutt ne, wanda aka ɗaure saboda mallakar makamai ba bisa ƙa'ida ba a shari'ar hare-haren bam na Bombay na 1993. Wanda ya ba da umarnin fim ɗin, Rajkumar Hirani, abokin aikinsa ne na shekaru, kuma mutane da yawa sun ga an wanke Dutt an jibga laifin a kan 'yan jarida. A 2019 kuma aka shirya fim a kan Firaminista Narendra Modi, aka tsara fitowarsa daidai lokacin da za a fara zaɓe. Hukumar zaɓen Indiya ta hana, bai fito ba sai 24 ga Mayu, bayan an bayyana sakamako. Hukumar ta gane cewa irin wannan fim yaƙin neman zaɓe ne na awa biyu.

Sannan in aka ce sai da izini, wane azzalumi ne zai ba da izini? Nan mutanen Chadi suna da abin nunawa. Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutanen da aka kashe a zamaninsa da 40,000. A Mayun 2016, Habré yana raye yana jiran hukunci a Dakar, Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche, ya nuna fim ɗinsa a kan wannan zamani a bikin finafinai na Cannes. Bai nemi yardar Habré ba, kuma bai kamata ya nema ba. Amma ku lura da hanyar da ya bi. Bai ɗauko ɗan wasa ya sa masa rawani da tabarau ba, bai ƙaga hirar fada ba. Ya bi Clément Abaïfouta, shugaban ƙungiyar waɗanda aka azabtar, mutumin da aka tilasta wa binne 'yan uwansa fursunoni, suna shiga gida-gida. Waɗanda DDS, 'yan sandan sirri na Habré, suka naƙasa su ne ke magana da bakinsu, kowa ya faɗi iya abin da ya yarda ya faɗa, ya nuna tabon da ya yarda ya nuna. A ranar 30 ga Mayun 2016 kotun musamman ta Afirka ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya bayyana giba da cewa ka ambaci ɗan uwanka da abin da ba ya so; in abin yana tare da shi ka ci namansa, in babu kuwa ka yi masa ƙage. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, daga ciki akwai wanda aka zalunta yana kai kuka, da gargaɗin jama'a daga sharri. Wanda ya riƙe mulki ya kashe mutane, aikinsa na jama'a ne, a faɗa. Mai horar da 'yan kokawa da aka ƙaga wa kulle ɗaki, wannan ƙage ne. Matar da aka tona wa asiri da sunan tausayi, ba ta cikin ko ɗaya daga wuraren shida.

Yanzu mu dawo gida. Kuna iya cewa mu nan ina muka ga kuɗin irin waɗannan finafinai. Ai waya ta wadatar. Matasa a Garwa da Marwa da Kusiri suna shirya wasanni masu dogon zango suna sawa a YouTube da Facebook da TikTok, kuma babu abin da ke jawo 'yan kallo kamar a rubuta a farko cewa labarin da gaske ya faru. Wani attajiri da ya saki matarsa, wata amarya da ta gudu, wani malami da almajirinsa. An canza suna, an ce Alhaji wane. Amma garuruwanmu ba Mumbai ba ne. In aka nuna launin ƙofar gidan, da sana'ar mijin, da yawan matansa, kafin la'asar mai shayin bakin kasuwa ya faɗi ko wace ce. Alhajin yana da bakin kare kansa, yana da kuɗin lauya, ɓata suna kuma laifi ne a dokar Kamaru. Wadda ke shan wahalar ita ce matar da aka saki, da ƙanwarta da maneminta zai janye, da yaronta da za a tsokana a makaranta. Su babu wanda ya tambaye su, ko sisin sefa ba su gani ba.

Ana iya faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da nuna gidan kowa ba. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta yi rubutu a kan auren dole da dukan mata a gidajen da muka sani, har littafinta Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Ita kanta an yi mata auren dole, ta faɗa da bakinta, wannan nata ne ta ga damar bayarwa. Sauran kuwa ta zuba su cikin matan da ta ƙirƙira.

Wata rana wani zai tashi yin fim a kan Vincent Aboubakar, kuma ya cancanta: yaron Coton Sport da ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ɗauki kofin Afirka a kan Masar a 2017, ya kuma zura wa Brazil a gasar duniya ta 2022. Shi za a same shi a zauna da shi, a yi yarjejeniya a rubuce. Roƙona ga duk wanda zai yi wannan aiki, ko wani mai kama da shi, ya ɗauki rubutun ya bi sauran mutanen da za a iya ganewa a ciki, malamin makaranta, mai horarwa na farko, abokin ƙuruciya, ya karanta wa kowa wurin da ya fito da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa. Wanda ya ce wannan bai faru ba, kuma babu shaida, a cire. In labarin ya zama lami saboda babu mugu, a ƙirƙiri mugun da bai yi kama da kowa ba, a kuma rubuta a farkon fim, kafin a ga fuskar kowa, cewa an ƙara abubuwan da ba su faru ba.