Ɗan Akuya Ruwa Biyu: Daga Ina Girman Yake Fitowa?

Ka ɗauka ga 'yan awaki biyu a gabanka. Rana ɗaya aka haife su, garke ɗaya suke kwana. Amma na dama ya fi faɗin ƙirji, ƙafafunsa sun fi kauri, cinyoyinsa sun fi cika. Uwarsa akuyar gida ce, ubansa kuwa bunsurun Boer ne, irin Afirka ta Kudu, wanda idan ya ƙasaita yakan haura kilo 100. Wato ruwa biyu ne.

Rabin gadonsa daga uba, rabi daga uwa. Idan jinsunan biyu suna nesa da juna, inda jinin ɗaya ya yi rauni sai na ɗayan ya rufe, shi ya sa 'ya'yan farko sukan fi matsakaicin iyayensu kuzari da saurin girma.

Sai dai uwa ce ke riƙe da farkon labarin. Kwana kusan 150 yana cikinta, kuma girman jikinta ne ke ƙayyade yadda zai miƙe. Nan ne nake jin tsoro: a ba ƙaramar akuya, musamman mai cikin fari, ƙaton bunsuru ya yi mata barbara. Kan ɗan yakan yi girma, haihuwa ta zo da gardama, wani lokaci a rasa uwa da ɗa. Bayan haihuwa ma, dakashin da ya sha a sa'o'in farko da nonon da ke hantsarta su ne ke tafiyar da shi har yaye, wajen wata 3. Daga nan jinin uba yake fitowa sosai.

Jiki kuma bi da bi yake ginuwa: ƙashi tukuna, sannan tsoka, kitse daga baya. Ruwa biyu yana da babban ƙashin da ke neman cikawa, don haka cinsa ya fi na ɗan gida. Idan abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci, sai ka gan shi dogo, haƙarƙari a waje, gashi a tsaye, ɗan gidan da aka raina yana ta tsalle a gefensa. Tsutsar ciki ma takan fi kayar da wanda jinin waje ya yi masa yawa, domin akuyar gida ta daɗe da sabawa da cututtukan yankinta.

Abin da masu kiwo da yawa ke mantawa: idan ka haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, kusan rabin wannan ƙarin kuzarin ya tafi, 'ya'yan kuma su fito wani babba wani ƙarami.

Don haka kada ido kaɗai ya yi maka hukunci. Auna nauyinsa ranar haihuwa, ka sake aunawa ranar yaye. Idan babu sikeli, zagaya ƙirjinsa da igiyar awo daidai bayan ƙafafun gaba, ka rubuta duk wata.