Kuɗin riƙon layi: yarjejeniyar wata-wata tsakanin mai injin sassaƙa ƙarfe da mai masana'anta

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu a wannan sana'a, 'yan uwana masu shaguna, da yaranmu da ke tsaye can baya, ina gaishe ku. Ku matso kusa, maganar ta shafe ku ma.

Da wani abu da ya faru a shagona zan fara. Lokacin kaka ne, wani bawan Allah mai injin casar shinkafa a wajen Kura ya shigo mini da hantsi, yaronsa na biye da shi ɗauke da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, a cikin buhu. Na duba, wurin zaman boris, wato zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye har yatsa na jin ramin. Aikin awa uku ne in akwai wuta. Amma a ranar akwai aikin mutum huɗu a gabansa, kowa ya biya, kowa na jira. Ya ce da ni, "Maigida, motoci biyu na tsaye a ƙofar injina, ma'aikata na zaune." Ya yi tayin ninka kuɗi in tsallake da shi. Ban iya ba, domin in na yi haka na ci amanar waɗanda suka riga shi. Sai a kwana na uku ya karɓi kayansa. Abin da ya rasa a kwanakin nan ya fi kuɗin aikina nesa ba kusa ba. Bayan wata biyu kuma, da kaka ta wuce, ni ne zaune a benci, injina a rufe da leda, ina lissafin inda zan samo kuɗin hayar shago da na abincin yara.

To kun ga ciwon guda biyu ne, kuma maganinsu ɗaya. Shi yana tsoron ranar da injinsa zai tsaya ya tarar da layi. Ni ina tsoron watan da babu aiki. Yarjejeniyar da nake magana a kai ita ce ya riƙa biyana wani abu sananne duk wata, ni kuma in ware masa awanni sanannu a kan injina, in kuma yi masa alkawarin cewa duk ranar da ya kawo aikin gaggawa, cikin awa kaza zan ɗora shi. Ku riƙe wannan da kyau: ba ƙarfe ya saya ba, ba fuli ko giyar inji ya saya ba. Lokaci ya saya. Yawancin rigimar da na gani a kan irin wannan shiri daga nan take farawa, mai masana'anta ya zo ƙarshen wata ya ce, "Ai ban kawo komai ba, a maido mini da kuɗina."

Wani zai ce, cin kuɗin aikin da ba ka yi ba, ya halatta kuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma malaman fiƙihu sun riga mu yin ta. A babin ijara, wato haya da ɗaukar ma'aikaci, sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda yake yi wa kowa aiki, kamar tela ko maƙeri a kasuwa, shi ladansa yana kan aikin da ya gama. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya ɗauka na wani lokaci ƙayyadadde, shi kuwa ya cancanci ladansa da zarar ya ba da kansa a lokacin nan, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba. Mu a kullum irin na farko ne. Wannan yarjejeniya tana mayar da mu irin na biyu a cikin awannin da aka ware kawai. Saboda haka kada a rubuta kuɗin a matsayin kafin alƙalami da zai nutse in ciniki bai faɗa ba, domin a mazhabarmu ta Malikiyya an hana wannan. A rubuta shi a matsayin hayar lokacinka da na injinka, a faɗi adadin awanni, a faɗi kuɗi, kada a bar duhu. Kafin ku sa hannu, ku kai wa malamin unguwarku takardar ya duba.

Na ce takarda, kuma da gangan na faɗa. Mun saba da "ai mun yarda da juna". Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa, da shaidu biyu.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Kada ku kuskura ku haɗa kuɗin ƙarfe da na mai a cikin kuɗin wata. Dukkanmu mun ga abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, sannan a watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sayen sandar ƙarfe ko tagulla a watannin nan ya san farashin safe ba shi ne na yamma ba. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi bai wa awannin wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Wanda ya ƙulla yarjejeniyar shekara a kan kuɗi ɗaya dunƙule kafin waɗannan abubuwa, da aljihunsa ya riƙa yi wa mai masana'anta aiki. Don haka kuɗin wata na riƙon layi ne da ƙwarewarka. Ƙarfe, mai aiki ya saya ko ya biya a farashin ranar. In babu wuta kuma yana so a tayar da janareta, dizal nasa ne, a rubuta tun farko. Shi kansa kuɗin watan a sake zama a kansa duk bayan wata uku.

Awannin da bai yi amfani da su ba fa? Ra'ayina, a bar masa wani ɓangare ya tsallaka zuwa wata mai zuwa, daga nan ya mutu. In ka bari suna taruwa, wata rana zai zo maka da bashin awa ɗari a tsakiyar kaka, ka rasa inda za ka sa kanka. Wanda zai fita daga yarjejeniyar kuma ya ba da sanarwar wata guda.

Sai laifin da yake namu, kuma ba zan rufe shi ba don muna cikin 'yan uwa. Kwaɗayi. Na san shagon da ke da inji biyu, ya karɓi kuɗin wata daga masana'antu da yawa a Sharaɗa da Challawa, kowa an ce masa shi ne na farko. Ranar da uku suka zo tare, asiri ya tonu, kuma sunan da ya ɓaci ba nasa kaɗai ba ne, na duk masu sana'ar ne. Ka zauna ka ƙirga awannin da injinka ke juyawa da gaske a mako, ba waɗanda kake fata ba. Ka cire ranar Juma'a da rana, ka cire lokacin ɗauke wuta, ka cire ranar da shi kansa injin zai buƙaci gyara. Abin da ya rage, ni ba na sayar da fiye da sulusinsa ta wannan hanya. Sauran na mai famfon noman rani ne da ya taso daga Kadawa, da mai markaɗe, da makaniken da ya zo da noti ɗaya a tafin hannu. Su suka riƙe mu tun kafin manyan su san da mu.

Wa ya kamata ka tunkara da wannan magana? Wanda tsayawar injinsa ta yini guda ke ƙona masa kuɗi: masu casar shinkafa, masu matsar man gyaɗa, masu gyaran riɗi a Dawanau, masu buga leda da robobi. Kada ka je masa da roƙo. Ka tambaye shi nawa ya rasa a karo na ƙarshe da ya jira layi, ka bar shi ya yi lissafin da bakinsa.

A shagona akwai allo a bango, an raba shi kwana shida, awannin da aka riƙe an shafa musu jan alli. Yaron da ya fi ƙanƙanta ma ya san ba a ɗora aiki mai tsawo a kan jan wuri. In lokacin ya zo mai shi bai aiko ba, mukan kira shi a waya, in ya ce babu komai yau, sai mu ɗora ƙananan ayyukan da za a iya saukewa cikin minti goma. Wannan mai shinkafar da na ba ku labarinsa, safiyar Litinin da ta Alhamis nasa ne.

Na ga hannaye a sama. Alhaji, bismillah, a miƙa masa abin magana.