Amsoshin Tambayoyinku: Idan gani yana ɗaukewa yana dawowa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun yau duk a kan ido suke.

Ta farko daga wata malama ce mai shekara 29. Ta ce kusan sau biyu a wata takan ga wani haske mai ƙyalƙyali kamar haƙoran zarto. Yakan fara ɗan mitsitsi a tsakiyar ganinta, ya yi ta faɗi har ya kai gefe, bayan kamar minti 20 ya ɓace, sai ciwon kai ya rufe ta. Tana tambaya ko makanta ce ke tafe.

To Malama, kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da alamar da kan riga ciwon ɓarin kai zuwa. Ba daga ido yake tasowa ba, daga sashen ƙwaƙwalwa ne da ke wajen ƙeya, mai kula da gani. Yakan ɗauki minti 5 zuwa 60, wasu ma ko ciwon kan ba ya biyo musu. In ya sake zuwa, sa tafin hannu ki rufe ido ɗaya, sannan ki rufe ɗayan. Idan hasken na nan ta kowane ɓangare, to daga ƙwaƙwalwa ne. Ki riƙa rubuta ranar da ya zo da tsawon lokacin da ya ɗauka, ki lura ko yana bin rashin barci, yunwa, damuwa ko lokacin al'ada, ki kai wa likita. Kuma ki faɗa masa in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, domin haɗuwarta da irin wannan ciwon kai na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ranar da abin ya wuce awa guda, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti, ba a jira gobe.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani dattijo mai shekara 63, mai hawan jini, ya ce sau uku ke nan idonsa na hagu yana rufewa kamar an saki labule daga sama, ba zafi ba raɗaɗi, bayan 'yan mintoci ya washe. Tun da yana dawowa, in ji shi, bai gaya wa kowa ba.

Baba, don Allah a gaya wa iyali yau, a tafi asibiti yau. Dawowar ganin ce ke yaudarar mutane. Sau da yawa ɗan gudan jini ne ko ɓarɓashin kitse ke ɓallowa daga babbar jijiyar wuya, ya toshe hanyar jinin ido na ɗan lokaci sannan ya wuce. Wanda ya je ido yau, na gobe yana iya zarcewa ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin ya fi yawa a kwanakin farko. Za a yi hoton jijiyoyin wuya, a duba bugun zuciya, a auna suga da kitsen jini. Kafin nan, Baba, a ajiye tuƙi.

Wani ɗan'uwa mai sa tabarau saboda ba ya hangen nesa ya ce yana ganin ɗigo-ɗigo kamar ƙuda ko zaren gizo suna yawo, musamman in ya kalli farin bango. Malam, in sun daɗe kuma ba sa ƙaruwa, yawanci dunƙule-dunƙule ne a cikin ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido, ba su da illa. Amma in suka ƙaru farat ɗaya, ga walƙiya a gefen ido ko wata inuwa na shigowa, mai yiwuwa tantanin bayan ido ne ya yage, kuma masu irin idonka sun fi shiga wannan haɗari. A ga likitan ido cikin awa 24. Zai ɗiga maganin buɗe ido ya leƙa ciki, don haka ka tafi da mai rako, ganinka zai yi dishi-dishi na wasu awoyi.

Saura gajeru. Mai tambaya kan duhun da ke rufe ido in ya miƙe zumbur: jini ne ke sauka na 'yan daƙiƙoƙi, a riƙa tashi a hankali, a auna jinin in ya yawaita. Hajiya mai ciwon suga da ganinta ke hazo yau ya washe gobe: hawa da saukar suga ne ke kumbura ɗan madubin da ke cikin ƙwayar ido, kada a yi saurin canza tabarau sai sugan ya daidaita, kuma a duba bayan ido duk shekara ko ba a jin komai. Wanda ke ganin zobe mai launi kewaye da fitila, ga jan ido da ciwo da tashin zuciya, wannan na iya zama hawan jinin ido mai tasowa da gaggawa, asibiti nan take. Haka ma mai juna biyu da ta haura mako 20, in ta fara ganin wuta-wuta tare da ciwon kai ko kumburin fuska, a auna jininta a ranar, kada a jira ranar awo.