Yadda Ake Gwada Sabon Magani ga Yara Masu Galahanga

Jama'a masu sauraro, abin da nake so mu tsaya a kansa yau shi ne hanyar da ake bi a tabbatar cewa wani magani yana taimakon yaro mai galahanga (autism) da gaske. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana gyara ainihin lalurar, wato wahalar mu'amala da mutane da yawan maimaita ɗabi'a guda. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, amma domin rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai, kuma suna iya jawo ƙiba da yawan barci.

A 1998 aka wallafa rahoton wasu yara uku da aka yi wa allurar sinadarin secretin yayin binciken cikinsu, aka ce maganarsu ta ƙaru. Labari ya bazu, iyaye suka yi ta neman allurar. A 1999 aka yi gwaji na tsanaki da yara 60, aka ba rabi secretin, rabi kuma ruwan gishiri, ba tare da iyaye ko masu aunawa sun san abin da kowane yaro ya samu ba. Dukkan ɓangarorin biyu suka nuna ci gaba, kuma secretin bai fi ruwan gishirin ba.

Ina roƙonku kada ku ɗauka iyayen nan ƙarya suka yi. Uwar da ta daɗe tana kiran sunan ɗanta bai waiwaya ba, ranar da ya dube ta ido cikin ido, gaskiya ta gani. Sai dai yaro yana girma ko da magani ko babu, galibi ana kawo shi gwaji ne lokacin da abin ya tsananta, sannan kulawa tana ƙaruwa a gida da zarar an fara sa rai. Babu gwajin jini da zai raba gardama, ma'aunin kuwa yawanci takardar tambayoyi ce da iyaye ko likita ke cikewa.

Haka aka gani da sinadarin oxytocin da ake fesawa a hanci: a binciken da aka wallafa a 2021, an bi yara 290 masu shekara 3 zuwa 17 tsawon makonni 24, ba a sami bambanci tsakanin waɗanda aka ba shi da waɗanda ba a ba su ba. A shekarar ce kuma kamfanin Servier ya dakatar da manyan gwaje-gwajen maganin bumetanide saboda rashin tasiri.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron kansa, domin iyaye ne ke sa hannu a madadinsa, kuma da yawa daga cikin yaran ba za su iya cewa kansu na ciwo ba. Wajibi ne mai bincike ya lura da barcin yaro, cin abincinsa da nauyinsa, ya kuma janye shi daga gwajin idan ya nuna ƙi, ko da da ture hannu ne kawai.